Alƙaluman Ambato da Cutar Talakawa: Rubuce-rubucen Farfesa Ahmed Fahal na Khartoum a Kan Sikeli

Duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikin manyan rumbunan maƙalun likitanci na intanet, PubMed ko Scopus, ya nemi abin da aka rubuta kan cutar maisitoma, suna ɗaya zai riƙa cin karo da shi shafi bayan shafi: A. H. Fahal, Jami'ar Khartoum. Wani lokaci sunan ne a farkon jerin marubuta, wani lokaci a ƙarshe, gurbin da aka saba ba jagoran bincike. Maƙalun sun kai ɗaruruwa, sun faro tun shekarun 1990, kuma wasu masu bincike sun ambace su sau dubbai a nasu rubuce-rubucen.

Farfesa Ahmed Hassan Fahal likitan tiyata ne, a Jami'ar Khartoum ya yi karatu, a nan kuma ya zama farfesa. Amma aikin da duniya ta san shi da shi ya fi karkata ga ilimin yaɗuwar cututtuka: su wa cutar ke kamawa, a waɗanne ƙauyuka, suna da shekara nawa, me ya sa suke makara kafin su zo asibiti, kuma mutum nawa ke warkewa. A 1991 ya kafa Cibiyar Binciken Maisitoma a harabar Asibitin Jami'a na Soba, kudu da birnin Khartoum, kuma kusan duk abin da ya rubuta daga wannan cibiya ya fito.

Batun auna malami da yawan maƙalunsa da yawan masu ambatonsa ya zama ruwan dare a jami'o'in Afirka. Daga Khartoum zuwa Kano, Zariya da Sakkwato, kwamitin ƙarin girma kan tambayi malami maƙala nawa ya buga, a wace mujalla, kuma sau nawa aka ambace shi. Tarihin rubuce-rubucen Fahal wuri ne mai kyau na gwada wannan sikeli, domin mutum ne da ke sahun gaba a fagensa, fagen kuma ƙarami ne ƙwarai.

Cutar da ake rubutu a kanta

Maisitoma cuta ce da ke shiga jiki ta fata, galibi ta sukar ƙaya ko wani ƙaramin rauni a ƙafa. Ƙwayoyin da ke jawo ta suna zaune a ƙasa, a inda ake noma da kiwo. Iri biyu ce. Akwai wadda fumfuna ke haddasawa, wadda ta fi yawa a Sudan, kuma babban mai laifi a nan shi ne *Madurella mycetomatis*. Akwai kuma ta bakteriya, wadda ta fi yawa a Meziko, ta fi saurin bazuwa a jiki, amma ta fi jin magani.

Takan fara da ɗan ƙullutu marar zafi. Rashin zafin nan shi ne babbar musibarta. Manomi ko makiyayi ya ga ƙullutu a tafin ƙafa ko bayanta, bai hana shi zuwa gona ba, sai ya bar shi. Bayan watanni ko shekaru kumburin ya girma, ya fashe da ƙananan ƙofofi masu zubar da ruwa da mugunya, a ciki kuma akwai 'yan tsabobi kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Launin tsabobin nan na gaya wa likita abu mai yawa: baƙi yana nuna fumfuna, ja ko rawaya kan nuna bakteriya. In aka ƙyale, cutar na cin tsoka ta isa ƙashi, ƙarshenta kuma yanke ƙafa.

Kafin a isa asibiti, da yawa sun riga sun bi ta hannun masu maganin gargajiya, an yi sakiya, an ɗaura ganye, an ƙona wurin. Mutanen Sudan suna kiranta *nabit*, ko kuma Madura, sunan garin Madurai na kudancin Indiya inda likitan Birtaniya John Gill ya bayyana ta a 1842. Henry Vandyke Carter ne ya raɗa mata sunan da likitoci ke amfani da shi a 1860.

Yankin da ta fi kamari ya ratsa ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama da itatuwan ƙaya: Senegal, Muritaniya, Mali, Nijar, arewacin Najeriya, Chadi, Sudan, Somaliya, Yaman, Indiya, sai Meziko da Benezuwela a ɗaya gefen teku. A Sudan, jihohin Jazira, Sennar da Farin Nilu ne kan gaba. Wannan shiyya ce da Hausawa suka daɗe da zama suna noma, har da garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, wanda mabiya Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Tsohuwar al'adar rubutu a Khartoum

Fahal bai fara a fili fayau ba. Khartoum na cikin biranen Afirka da suka fi daɗewa da al'adar rubuta binciken cututtuka. A 1903 aka buɗe ɗakunan bincike na Wellcome a Kwalejin Gordon, ƙarƙashin Andrew Balfour, kuma rahotanninsu sun shahara a tsakanin likitocin ƙasashe masu zafi. Wanda ya gaje shi, Albert Chalmers, tare da Robert Archibald, sun yi rubuce-rubuce a 1916 kan yadda za a rarrabe nau'o'in maisitoma. A 1924 aka buɗe Makarantar Likitanci ta Kitchener, wadda daga baya ta zama tsangayar likitanci ta Jami'ar Khartoum, sannan aka gina ɗakunan bincike na Stack a ƙarshen shekarun 1920.

A 1956, shekarar da Sudan ta sami 'yancin kai, Peter Abbott ya wallafa maƙalar da ta nuna girman matsalar: sama da majinyata 1,200 a asibitocin ƙasar cikin shekara biyu da rabi. Har yau ana ambaton wannan maƙala. Bayansa Farfesa El Sheikh Mahgoub ya ɗauki ragamar, ya fitar da littafi kan cutar tare da I. G. Murray a 1973, kuma a shekarun 1980 shi da abokan aikinsa suka gwada maganin ketoconazole a kan nau'in fumfuna.

Sai kuma Farfesa Ahmed Mohamed El Hassan, masanin illar cuta a sassan jiki, wanda ya rasu a 2022. Shi ne shugaban farko na Cibiyar Nazarin Cututtukan da Suka Zauna a Ƙasa ta Jami'ar Khartoum, ya yi suna a binciken kala'aza, kuma sunansa na tare da na Fahal a maƙalu da dama na farko. A hayin kogi, Asibitin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi na Omdurman ya kasance wurin da ɗaliban likitanci ke ganin zazzaɓin cizon sauro, tsargiya da kala'aza ido da ido. Tsakanin waɗannan asibitoci da ɗakunan bincike na gaɓa biyu na Nilu aka rene tsararrakin masu bincike na Sudan.

Rajistar Soba

Abin da ya bambanta cibiyar Soba da sauran wuraren da ake ganin masu maisitoma shi ne rajista. Kafin yaƙin 2023, duk majinyacin da ya zo, ana rubuta shekarunsa, ƙauyensa, sana'arsa, tsawon lokacin da ya yi da ciwon, girman kumburin, hotunan da aka ɗauka, ƙwayar da aka gano da maganin da aka ba shi. Ana ajiye tsabobin da aka ciro, da yankin nama, da jini. A lokacin, rana guda a mako ake buɗe asibitin cibiyar ga jama'a, kuma a ranar harabar kan cika da mutanen da suka kwana a hanya, wasu da sanda, wasu an naɗe musu ƙafa da tsumma. Har daga Chadi, Habasha, Iritiriya da Yaman ake zuwa.

Daga wannan rajista maƙalun suka riƙa fitowa. Ta 2015, wadda aka buga a mujallar *PLoS Neglected Tropical Diseases*, ta tattara bayanan majinyata kusan 6,800 da aka gani daga 1991 zuwa 2014. Kimanin kashi uku cikin huɗu maza ne, mafi yawa ba su kai shekara 30 ba, kuma kusan bakwai cikin goma nau'in fumfuna ke damunsu. Ƙafa ce wurin da cutar ta fi kamawa, sai hannu. Manoma da leburori na ciki, kamar yadda aka zata, amma ɗalibai ma sun yi yawa, abin da ke nuna yadda cutar ke katse karatun yaran karkara.

Wata maƙala ta 2012 ta fi wannan ɗaci. Ta bi sawun majinyata sama da 1,500, ta gano cewa cikin masu nau'in fumfuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka warke, fiye da rabi kuma sun daina zuwa kafin a gama jinya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: magani na shekara guda ko fiye, mai tsada, ga kuɗin mota daga ƙauye zuwa Khartoum, ga gona da ba mai kula. Ba kowace cibiya ce za ta buga alƙaluman da ke nuna gazawar jinyarta ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa ake yarda da bayanan Soba.

Rajistar asibiti tana da aibinta, domin wanda ya iya zuwa kawai take ƙirgawa. Saboda haka tawagar ta fara fita ƙauyuka. A wani ƙauye na jihar Farin Nilu, binciken da aka buga a 2014 ya sami fiye da mutum 14 cikin kowane dubu ɗauke da cutar. Daga baya aka yi bincike gida-gida a gabashin Sennar, aka duba mutane sama da 40,000 a ƙauyuka kusan 60, aka sami ƙasa kaɗan da mutum ɗaya cikin ɗari. An kuma buɗe reshe a ƙauyen Wad Onsa na jihar Sennar, inda aka riƙa yin tiyata da ɗaukar hoton sikanin kusa da gida.

Bayan rajista da binciken ƙauyuka, ɓangare na uku na rubuce-rubucen ya shafi ɗakin gwaji, kuma a nan haɗin gwiwa da ƙasar Holan ya taka rawa. Masana na cibiyar Erasmus da ke Rotterdam, musamman Alex van Belkum da Wendy van de Sande, sun yi shekaru suna aiki da Soba kan gano ƙwayar cutar ta hanyar ƙwayoyin halitta da gwada ƙarfin magunguna a kanta. A 2012 aka bayyana wani sabon nau'in fumfunar aka sa masa suna *Madurella fahalii*, don girmama Fahal.

Yadda ake ƙirga ambato

Ambato na faruwa ne idan mai bincike ya sa maƙalar wani a jerin madogararsa. Eugene Garfield, Ba'amurke, shi ya mai da wannan abin ƙirgawa, da kundin ambaton kimiyya da ya fara fitarwa a 1964. Daga aikinsa aka sami ma'aunin tasirin mujalla, wato matsakaicin yawan ambaton da maƙalun da mujalla ta buga a shekara biyun baya suka samu a cikin shekara guda. A yau rumbuna uku ne suka fi tashe: Web of Science, Scopus na kamfanin Elsevier, da Google Scholar. Biyun ƙarshe a 2004 suka fito.

A 2005 masanin kimiyyar fiziya Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ake kira h. Lissafinsa mai sauƙi ne. Idan malami yana da maƙala 20 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 20, ma'auninsa 20 ne. Ko da ya buga wasu 100 da ba wanda ya waiwaya, lambar ba za ta motsa ba. Haka nan ko da maƙala ɗaya tasa ta sami ambato dubu biyar, maki ɗaya take ba shi.

Rumbunan ba sa ba da amsa ɗaya. Google Scholar na kwaso kundayen digiri, rahotanni da mujallun cikin gida, don haka lambarsa ta fi girma. Scopus da Web of Science na da jerin mujallun da suka amince da su, kuma mujallun Afirka da yawa ba sa ciki. Mutum ɗaya zai iya samun lambobi uku mabambanta a rana ɗaya. Ga masu sunan Larabci akwai ƙarin matsala: Ahmed, Hassan, Mohamed da El ko Al sukan rikita na'ura, ta raba aikin mutum ɗaya gida biyu, ko ta haɗe na mutum uku wuri guda.

A rubuce-rubucen Fahal, waɗanda suka fi jan ambato su ne maƙalun bita, masu tattara abin da aka sani su tsara shi. Akwai ta 2004 a mujallar ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, da wata ta wannan shekarar a *Lancet Infectious Diseases* tare da abokan Rotterdam, da kuma ta 2016 a wannan mujallar tare da Ed Zijlstra da wasu. Duk likitan da ya ga majinyaci ɗaya a Indiya ko Brazil ya zauna rubuta rahoto, yana bukatar madogara don gabatarwa, sai ya ɗauko ɗaya daga cikinsu. Binciken ƙauye kuwa, wanda ya ci watanni ana bin gida-gida cikin zafin Sennar, yakan sami ambato kaɗan idan aka kwatanta.

Abin da lambar ba ta faɗa

Yawan ambato ya dogara da yawan masu rubutu a fage. Masu binciken ƙanjamau, tarin fuka, zazzaɓin cizon sauro ko korona dubbai ne, kuma kowace shekara suna fitar da maƙalu dubbai masu ambaton juna. Masu aiki kan maisitoma dindindin a duk duniya ba su da yawa: Khartoum, Rotterdam, Meziko, Dakar, wasu cibiyoyi a Indiya da Ingila. Malami mai matsakaicin matsayi a fagen korona zai iya tara ambaton da ya zarce na jagoran maisitoma na duniya cikin 'yan shekaru. Kwatanta su da lamba ɗaya rashin adalci ne, amma haka ake yi a teburin kwamiti.

Ƙanƙantar fagen ta bayyana a wani nazari da van de Sande ta buga a 2013. Ta tattara rahotannin duniya da suka cika sharuɗɗanta, ta sami majinyata ƙasa da 9,000, mafi yawa daga Meziko, Sudan da Indiya. Wani nazarin na 2020 ya kai adadin kusan 19,500 daga ƙasashe sama da 100, fiye da rabi daga Sudan. Wannan na nuna inda ake ƙirgawa ne fiye da inda cutar take. A Nijar, aikin da Michel Develoux da abokansa suka buga a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cutar na nan daram, a arewacin Najeriya kuma likitocin tiyata na ganinta, amma ba wata rajista mai girman ta Soba. Inda ba a rubuta ba, taswirar duniya fari take nunawa.

Masu goyon bayan lissafin ambato suna da hujja mai ƙarfi. A ganinsu, lamba ba ta san ɗan wane ba. Malamin da ke Khartoum ko Omdurman, wanda ba shi da ubangida a Landan ko Boston, zai iya nuna wa mai ba da tallafin bincike shaidar da ba ta bukatar wasiƙar yabo daga kowa. A jami'o'in da son kai da ɓangaranci ke shiga harkar ƙarin girma, lissafin da kowa zai iya dubawa a intanet kariya ce ga marar galihu.

Masu suka kuma suna cewa da zarar an mai da ma'auni abin nema, sai ya lalace. Ana yanka bincike ɗaya gida uku don a sami maƙala uku. Ana sa sunan wanda bai taɓa aikin ba. Ana biyan mujallun bogi masu buga komai cikin mako guda. Wannan damuwa ce ta haifar da Sanarwar San Francisco ta 2012 da ƙa'idojin Leiden na 2015, waɗanda suka nemi a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, a kuma riƙa la'akari da bambancin fagage.

Akwai tambayar da ta shafi Fahal kai tsaye, wato ambaton kai. A fagen da cibiya ɗaya ke riƙe da mafi yawan bayanan duniya, dole marubutanta su ambaci aikinsu na baya, domin sau da yawa ba wani aikin da za a ambata. Mai duba lamba kawai ba zai iya bambanta wannan da na mai kumbura lissafinsa da gangan ba. Sai an karanta maƙalun.

Yanayin da aka yi aikin ma ba ya fitowa a lissafi. Daga 1997 zuwa 2017 Sudan na ƙarƙashin takunkumin tattalin arziki na Amurka, abin da ya wahalar da sayen sinadaran gwaji, gyaran na'urori, har da tura kuɗin buga maƙala zuwa waje. Mujallun da kowa ke karantawa kyauta sukan caji marubuci dala dubu ɗaya zuwa uku ko fiye, sai dai in an yafe masa. Shirin HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara a 2002, ya sauƙaƙa wa ƙasashe matalauta karanta mujallu, fitowar *PLoS Neglected Tropical Diseases* a 2007 kuma ta ba cututtuka irin maisitoma dandalin da ba su da shi a da. Harshe ma na da nasa tasiri: abin da likitocin Senegal da Nijar suka rubuta da Faransanci, da na Meziko da Sifaniyanci, ba ya samun ambaton da ya kamace shi.

Inda rubutun ya yi aiki

Tasirin da ya fi kowane girma bai shiga ma'aunin h ba. Har zuwa 2016 maisitoma ba ta cikin jerin cututtukan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince an yi watsi da su, kuma rashin shiga jerin na nufin masu ba da tallafi ba sa ganinta. Fahal da abokansa, tare da ƙungiyar DNDi mai neman magunguna ga irin waɗannan cututtuka, sun yi shekaru suna kamun ƙafa a Geneva, gwamnatin Sudan kuma ta gabatar da ƙudurin. Hujjar da aka ɗora a kan tebur ita ce alƙaluman Soba. A watan Mayun 2016 babban taron lafiya na duniya karo na 69 ya amince, maisitoma ta zama cuta ta 18 a jerin. Shekara guda kafin nan hukumar ta riga ta ayyana cibiyar Soba a matsayin abokiyar aikinta kan cutar. A 2022 kuma aka sa fumfunan da ke jawo ta cikin jerin waɗanda hukumar ta ba muhimmanci.

Sai batun magani. A 2013 hukumomin magunguna na Amurka da Turai suka taƙaita amfani da ketoconazole saboda illarsa ga hanta, aka koma kan itraconazole, wanda ake sha sau biyu kullum, tare da abinci, har shekara guda. A 2017 aka fara gwajin fosravuconazole a Soba, maganin kamfanin Eisai na Japan da ake sha sau ɗaya a mako. Shi ne gwaji na farko a tarihin cutar da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, ba likita ba majinyaci da ya san wanda ke shan wane. Mutum 104 suka shiga, aka tsara yi wa kowa tiyata bayan wata shida na shan magani.

Sakamakon, wanda aka buga a *Lancet Infectious Diseases* a 2024, bai nuna sabon maganin ya fi tsohon ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu shan itraconazole sun warke a wata 12, masu shan ƙarami cikin ma'aunan sabon maganin da aka gwada kuma kusan kashi biyu cikin uku. Abin lura shi ne yadda tsohon maganin ya yi aiki fiye da abin da rajistar baya ta nuna, da zarar an ba da shi kyauta, an kama ciwon yana ƙarami, an kuma bi majinyaci har ƙarshe. Amfanin sabon kuwa sauƙin sha ne, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin ƙauye.

Yaƙi da abin da ya rage

Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Cikin kwana goma mayaƙa suka mamaye babban ɗakin gwajin lafiyar jama'a na ƙasa, magajin ɗakunan Stack, har wakilin Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi gargaɗi kan samfuran ƙyanda, shan inna da kwalara da ke ciki. Yankin Soba ya faɗa hannun RSF, cibiyar ta rufe, ma'aikatanta suka warwatsu. Fahal ya koma Alƙahira. Wad Madani ta jihar Jazira ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, faɗan kuma ya isa jihar Sennar a tsakiyar 2024, wato ainihin yankin da majinyatan suka fi yawa. A Omdurman asibitoci ƙalilan ne suka ci gaba da aiki, irin su Al Nao, kuma hankalinsu na kan masu raunin harsashi da bam, daga baya kuma kwalarar da ta ɓarke a 2025.

Bayan sojoji sun ƙwace Khartoum a watan Maris na 2025, aka shiga cibiyar aka tarar an wawashe ta, an lalata ɗakunan gwaji. Babbar asarar ita ce rumbun samfura: tsabobi, yankan nama da ƙwayoyin fumfuna da bakteriya da aka tara cikin gomman shekaru, waɗanda ba su da kwafi mai girman haka a ko'ina. Na'ura ana iya sayen wata. Samfurin majinyacin 1995 kuwa ba a sake ɗibarsa. Majinyatan da ke cikin rajistar, waɗanda suka haura dubu goma, da yawansu sun rasa magani a tsakiyar jinya, kuma katse magani a wannan cuta kan dawo da ita.

Wani abin mamaki na lissafin ambato shi ne bai san an yi yaƙi ba. Maƙalun 2004, 2015 da 2016 sun ci gaba da tara ambato a shekarun da cibiyar ke rufe, sababbi kuma sun ci gaba da fitowa daga bayanan da aka riga aka tattara, marubutansu na zaune a Masar, ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha da Turai. Giɓin zai bayyana ne nan gaba, lokacin da ya kamata a ce sababbin binciken ƙauyuka da sababbin ɗaliban digiri na uku sun fito. Da yawa daga matasan masu bincike na Sudan yanzu suna rubuta adireshin jami'o'in waje a ƙarƙashin sunayensu, kuma rumbunan ambato na lissafa aikinsu ga waɗancan ƙasashe.

Tawagar cibiyar ta sake buɗe wurin duba majinyata a Kassala, gabashin ƙasar, ana kuma tuntuɓar likitocin karkara ta waya da intanet. DNDi da abokan aikinta sun faɗaɗa binciken yaɗuwar cutar zuwa wasu ƙasashe, ciki har da Senegal, Habasha da Indiya, domin kada ilimin cutar ya sake rataya a kan gini ɗaya a birni ɗaya.